Ɗan majalisar jiha zai iya hana rufe boda, ko ya samo wa zoɓonmu kasuwa a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni manomi ne a wani ƙauye na arewacin Jigawa, ba nisa da iyaka. Ina noman zoɓo da riɗi, ranar Alhamis kuma ina shiga kasuwar Maigatari. Lokacin kamfen wani mai neman kujerar majalisar jiha ya tsaya a ƙofar gidan mai garinmu ya ce in aka zaɓe shi an daina rufe mana boda, kuma zai kawo Turawa su sayi kayanmu kai tsaye, ba sai ta hannun 'yan kasuwar Dawanau ta Kano ba. Ga shi kuma kullum muna ji a rediyo 'yan majalisun jihohi sun tafi waje ƙaro ilimi. Shin suna da hannu a hulɗa da ƙasashen waje, ko romon baka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa gona albarka.

Maganar boda, cire ta daga ranka. Ko 'yan majalisar Dutse su talatin ɗin nan sun haɗa baki sun ɗaga hannu gaba ɗaya, ba su isa su ɗage sandar da kwastan ya gitta a Maigatari ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ware wasu al'amura ya ce Majalisar Tarayya kaɗai ke yi musu doka. A ciki akwai harkokin waje, da kwastan, da shige da fice, da fasfo da biza, da canjin kuɗi, da ciniki tsakanin Najeriya da sauran ƙasashe. Kai ma ganau ne. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu, Maigatari na ciki tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris ɗin 2024. Duk umarnin daga Abuja ya fito, ba wanda ya tuntuɓi Dutse ko Kano kafin a bayar.

Iyakar abin da majalisar jiha ke iya yi a nan shi ne ta zartar da ƙudurin kira ga gwamnatin tarayya. Kira ne, wanda aka kira yana iya yin kunnen uwar shegu. Duk da haka ban raina shi ba. A 2023 kururuwar da ta tashi daga Arewa, ta sarakuna da malamai da 'yan majalisa, tana cikin abin da ya sanyaya maganar kai wa Nijar yaƙi. Wakilin da zai miƙe a zaure ya faɗi yadda kara ta bushe ranar Alhamis saboda raƙuma da shanun Damagaram ba su shigo ba, ya yi aikinsa. Wanda ya ce shi zai buɗe, ya yi muku alkawari da akuyar da ba tasa ba.

In ka tambayi dattawan garinku za su ce da ba haka abin yake ba, kuma suna da gaskiya. A zamanin Sardauna Jihar Arewa tana da tsarin mulkinta, da wakilinta a Landan, da hukumarta ta sayen gyaɗa da auduga. Mulkin soja ne ya tattare wannan iko ya kai tsakiya, kundin 1979 da na 1999 kuma suka bar shi a can.

Akwai ƙofa ɗaya da kundin ya bar wa majalisun jihohi, kuma ko a cikin 'yan majalisar ba kowa ya san da ita ba. Sashe na 12 ya ce duk yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. In yarjejeniyar ta taɓa abin da ba ya cikin waɗancan keɓaɓɓun al'amura na tarayya, to ba a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince, wato 19 cikin 36. Dubi dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yake sha'anin yara da iyali ba na tarayya ba ne ita kaɗai, dokar ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba, kowace jiha sai da majalisarta ta zauna ta yi tata, wasu bayan sun gyara ta ta dace da addini da al'adar mutanensu. Kano sai a 2023 ta yi. Amma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da Buhari ya sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, wannan ciniki ne da waje, ba a buƙatar ƙuri'ar kowace jiha.

Yanzu bari in zo inda majalisar jiha ke da ƙarfi da gaske, kuma inda a ganina ta fi yin barci: bashin waje. Gwamna ba ya iya ɗaukar jaka ya je Bankin Duniya ko Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ciwo bashi shi kaɗai. Gwamnatin tarayya ce ke tsayawa a gaba, ofishin kula da basussuka na DMO ya duba ƙarfin jihar, Majalisar Tarayya ta amince da jerin basussukan. A cikin takardun da jiha za ta gabatar akwai ƙudurin majalisar dokokinta cewa ta yarda. Ba ƙudurin, ba bashi. Biya kuma ba a jira jiha ta kawo, daga kasonta na wata-wata ake zarewa tun a Abuja kafin ya iso. Sannan da dala aka ci, da dala za a biya. Wanda aka ciwo lokacin da dala ke wajen naira 460 a farkon 2023, da ta haura 1,400 a 2024 nauyinsa a naira ya ninka uku, ba tare da an ƙara ciwo ko sisi ba. Wannan kuɗin da ake zarewa shi ne na takin da bai iso ba da hanyar da ba a yi wa burji ba.

Na taɓa zama a bayan zauren wata majalisar jiha, ba zan faɗi wacce ba, ranar da aka karanta wasiƙar neman amincewa da irin wannan bashi. Takardun da safen nan aka raba su, da yawa ko ambulan ba su yage ba. Shugaban masu rinjaye ya gabatar, wani ya mara masa baya, aka ce masu goyon baya su ce e. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce an wuce zuwa batu na gaba. Ba wanda ya tambayi kuɗin ruwa nawa ne, shekara nawa za a biya, a waɗanne ƙananan hukumomi za a yi aikin. Ba na cewa bashin waje haramun ne a siyasance. Wasu suna da sauƙin ruwa da dogon wa'adi, an kuma yi rijiyoyi da madatsun ruwa da su. Abin da ya dame ni shi ne wanda aka ba makullin rumbu ya miƙa shi bai leƙa ciki ba.

Haka zancen yake game da masu zuba jari. Za ka ji an ce gwamna ya je Sin ko Turkiyya ya sa hannu a takardar fahimtar juna. Wannan takarda ba yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ce, sau da yawa ma ba kwangila ba ce, niyya ce kawai aka rubuta. Tana zama abin da ya shafe ka ne ranar da ta buƙaci kuɗin jiha, ko sassaucin haraji, ko fili. Kuɗin jiha ba ya fita bisa doka sai majalisa ta sa shi a kasafi. Fili kuwa dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa shi amana a hannun gwamna, yana iya soke haƙƙin mallaka don maslahar jama'a, kuma diyyar da dokar ta fi tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Majalisar jiha ba ta iya gyara wannan doka, don an dasa ta cikin kundin tsarin mulki. Amma sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike: ta kira kwamishinan ƙasa, ta ce ya kawo takardun, a ga hekta nawa aka bayar, na shekara nawa, su wa aka biya, da wane lissafi. In wata rana ka ga baƙi da jakunkuna suna kafa turaku a gefen gonarku, ɗan majalisarku shi ne mutum na farko da ya kamata wayarsa ta yi ƙara.

Sai zoɓo. Mai saye na ƙarshe yawanci a Meziko yake, inda suke shan sa kamar yadda muke sha, riɗi kuma yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya. Wannan mutumin ba buhu goma yake nema ba. Kwantena yake so, kaya iri ɗaya, busasshe, ba yashi ba tsakuwa, an yi masa hayaƙin kashe ƙwari bisa ƙa'ida, ga shaidar hukumar killace amfanin gona ta tarayya. An yi shekarun da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwaron da aka samu a cikin kaya. Tarayyar Turai kuma ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin ƙwari, irin fiya-fiyar nan da ake yayyafawa a buhu don kada ƙwari su cinye shi. Shi ya sa nake cewa a yi wa 'yan Dawanau adalci. Suna cin riba, wani lokaci fiye da kima, amma su ne ke da jarin tara kaya, da injin sheƙa, da haƙurin jiran kuɗi wata da watanni. Ba jawabin kamfen ne zai ture su ba.

Abin da zai ɗaga farashin kayanku duk yana hannun jiha, kuma nan ne wakilinku ke da ta cewa. Malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa, da za su nuna yadda ake shanya zoɓo a kan tamfol maimakon ƙasa, albashinsu da man babur ɗinsu a kasafin jiha suke. Wurin tsaftace kaya da rumbun ajiya kusa da ku, kasafin jiha. Yankin ciniki na musamman da aka kafa a Maigatari tun zamanin Saminu Turaki lasisinsa daga NEPZA yake, hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan yankuna, amma wuta da ruwa da hanyar shiga, in jiha ba ta sa kuɗi ba haka zai zauna. Dokar tantance kaya a kasuwannin jiha, wadda za ta sa mai tsaftataccen zoɓo ya fi mai haɗa shi da yashi samun kuɗi, majalisar jiha ce za ta yi. Ita ce kuma ke yi wa ƙananan hukumomi dokar kuɗin kasuwa da na tasha, don haka tana iya rage yawan rasit ɗin da ake yanka wa tirela ɗaya daga Gumel zuwa Kano. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba, daga farashin buhunka ake cirewa.

Tafiye-tafiyen da kake ji a rediyo ba duka ne yawon buɗe ido ba. Majalisun jihohinmu rassa ne na ƙungiyar majalisun ƙasashe renon Ingila, suna halartar tarukanta, ana kuma horar da akawuna da ma'aikatan kwamiti, wanda na ga amfaninsa da idona. Ma'aunina guda ne: da suka dawo, an ajiye rahoto a gaban zaure? Wace doka ko wane gyara ya fito daga tafiyar? In kwamitin noma ne zai fita, ni da Damagaram ya je ya zauna da 'yan kasuwar can kan yadda za a sauƙaƙa wa fatake, da ya fi mini Dubai, ko da yake wannan ma sai da sanin ma'aikatar harkokin waje. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ofishinta na Yamai, ita ce hanyar da jihohin iyaka ke bi.

In kuna da ƙungiyar manoma, ku rubuta koke zuwa ga Kakakin majalisa ta hannun wakilinku, ku nemi a miƙa shi ga kwamitin noma da na ciniki. Kada ku sa maganar boda. Ku tambayi nawa aka ware wa malaman gona da wurin tsaftace zoɓo a yankinku a kasafin bana, da nawa aka saki a ciki, don warewa daban sakewa daban. Ku tambayi kuma ko akwai bashin waje da aka ci da sunan noma, da ƙauyukan da aka rubuta za su amfana. Ku kai shi kafin ƙarshen shekara, lokacin da kwamitoci ke kiran ma'aikatu su kare kasafinsu. Ku yi kwafi biyu, ku sa ofishin Akawun majalisa ya buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya, ku dawo da shi gida ku ajiye wurin sakataren ƙungiya.