Tambayoyin Masu Karatu: Manifol ɗin tantan daga wurin 'yan gwangwan

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da tsohuwar tantan, Massey Ferguson 135, gadon mahaifinmu. Manifol ɗinta na hayaƙi, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga kan inji ya kai shi salansa, ya tsage tun bara, ƙara ta yi yawa, hayaƙi kuma yana dukan fuskata. Na samo wani a wurin 'yan gwangwan a Gombe, sai dai tsatsa ta ci shi, kuma kusa ɗaya ta karye a bakin da ake ɗaura salansa. Wani ya ce in shafa jan gam in ɗaure kawai. Yaya zan yi kafin damina ta faɗi?
Manomi daga Dadin Kowa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Tantan ɗin nan an ƙera irinta daga 1964 zuwa 1975, yawancin masu shan gas kuma injin Perkins ne a ciki, mai silinda 3. Inji ne mai haƙuri, ina jin daɗi duk sa'ad da na ji wani yana son raya shi.

Maganar jan gam, ka ajiye ta. Gam ɗin silikon, ko mai kyau ne, ƙarfinsa yana ƙarewa a wajen digiri 300 na ma'aunin Celsius, hayaƙin da ke fita daga kan inji kuwa yakan haura 500 idan tantan tana jan garma a ƙasa mai tauri. Zai ƙone ya zama gari, ka koma gidan jiya. Abin da ke tsare hayaƙi a wurin nan shi ne fuskar ƙarfe da ta kwanta sumul, da sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin manifol da kan inji, da ɗauri daidai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar abin da ka sayo yana da rai. Ɗora shi kan tsohon, rami ya dace da rami, bakin salansa ya fuskanci inda na da yake fuskanta, domin akwai mai fitar da hayaƙi sama, akwai mai bi ta ƙasa. Sai ka wanke shi da kananzir, ka kankare tsatsa da burushin waya, ka sa tsinken ƙarfe ka fitar da baƙin da ya daskare a ciki. Rataye shi da waya ka ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayye yana yin ƙara garau mai ɗan jan lokaci, tsagagge kuwa sautinsa a dakushe yake.

Kunne kaɗai bai isa ba. Shafa masa kananzir ya jiƙa, ka goge waje ya bushe, sannan ka dama farin alli da ruwa ka shafe jikinsa. Idan allin ya bushe, duk inda tsaga take kananzir zai fito ya zana layi. Ka fi duba gindin kunnuwan da kusoshi ke shiga da mahaɗar rassa, nan ne yakan fara.

Idan ka ga tsaga, tsaya ka tambayi kuɗin sabo tukuna. Kayan wannan injin har yau ana ƙera su, ba su da wuyar samu kamar na tantan Steyr ɗin da aka riƙa haɗawa a nan Bauchi. Tsaga gajera guda ɗaya ta cancanci walda. Wanda ya tsage wuri uku, ko ƙarfensa ya ƙone yana marmashewa, a ganina asarar kuɗi ne.

Waldar kuma ba ta kowa ba ce. Manifol ƙarfen kas ne, wato wanda ake narkarwa a zuba a mazubi, yana da kabon da yawa, shi ya sa idan ya yi zafi a wuri ɗaya ya huce da sauri sai ya sake tsagewa a gefen waldar, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka watsa mata ruwan sanyi. Nemi mai walda da ya saba da kas, ka zauna ka ga aikin da idonka. Zai huda ƙaramin rami na kamar milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe tsagar ta buɗe baki, ya gasa manifol ɗin gaba ɗayansa a kan gawayi, sannan ya yi amfani da sandar walda ta nikel, wadda masu walda ke kira ta kas. Kaɗan-kaɗan zai yi, bai fi santimita 2 zuwa 3 a ja ɗaya ba, yana bubbuga waldar da ƙaramar guduma tun tana da zafi. Da ya gama, a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana. Kada ka bari kowa ya kusance shi da ruwa, ko don sauri ne.

Kusar da ta karye, a ɗora noti a kan guntun a walde shi ta ciki. Zafin waldar kansa yana sassauta tsatsa. A bari ya huce, a ɗiga mai, a riƙa juyawa gaba da baya a hankali har ta fito.

Yanzu ga inda aikin yake. Ɗora rula ta ƙarfe a kan bakunan da ke haɗuwa da kan inji, ka ɗaga wajen haske. Idan tazarar 'yar kaɗan ce, manna samfefa a kan gilashi mai kauri ka riƙa goga fuskar duka lokaci ɗaya har ta yi fari ko'ina. Idan reza biyu a haɗe sun shige ƙarƙashin rular, hannu ba zai iya ba, kai shi wurin masu wanke kan inji su daidaita. Kada ka ce noti zai miƙar da shi. Kas ba ya lanƙwasa, kunnen ne zai ɓalle. Fuskar kan injin ma ka kankare ragowar tsohon gasket, bayan ka toshe ramuka da tsumma, kuma ka tuna ka cire tsumman.

Sa sabon gasket a bushe. Notin tagulla ya fi, domin ba ya kamewa da tsatsa. Fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, kana ƙara ƙarfi a hankali. Idan za ka yi fenti, sai mai jure zafin digiri 600, kuma kada ya taɓa fuskar gasket.

Tayar da injin a fili, ba cikin rumfa a rufe ba, hayaƙin nan yana da illa ga ƙirji da jini. Tun yana da sanyi shafa ruwan sabulu a mahaɗar, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. Bayan ta yi aikin yini ta huce, sake bin notocin da sifana, za ka tarar sun ɗan saki. Idan daga baya ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsatsafowa, kada ka zargi gasket nan take, a duba nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, kuma ka rage barin inji yana ta aiki a tsaye ba kaya.

In salansarka mai kallon sama ce, kifa mata gwangwani duk lokacin da ka ajiye ta, ruwan damina da ke sauka ciki yana ruɓar da manifol, yakan kai har cikin silinda. Allah ya ba da damina mai albarka, ka rubuto mana yadda ta kaya.