Tambayi Nas: An haifi 'yata da kilo 1.9, kuma ta ƙara raguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas, a Agege muke zaune. Maiɗakina ta haihu a wata takwas, mace, kilo 1.9. Ranar da aka sallame su daga asibiti ta koma 1.8. Yau kwananta goma sha biyu. Mahaifiyata ta zo zaman jego daga Funtuwa, tana so a riƙa yi mata wanka safe da yamma, a ba ta dauri, a kira wanzami ya cire belu, wai shi ya hana ta kumari. Yaya zan yi? — A. M., Agege

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Barka da arziki, Allah ya raya.

Kada raguwar nan ta ɗaga maka hankali. Kusan kowane jariri yana raguwa a makon farko, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Bakwaini kan kai mako biyu, wani har uku, kafin ya dawo da nauyin haihuwa. Daga nan ake so ta riƙa ƙara kusan giram 200 a mako. Ku kai ta awo kowane mako, a sikeli ɗaya, ku bar auna ta da ido ko da ɗan maƙwabta.

Duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, sanyi ne babban abokin gabarsa. Na san za ka ce wane sanyi a Legas, mutum yana zaune yana zufa. To ita ba ta da kitsen da zai riƙe mata ɗumi. Nonon da ta sha, maimakon ya zama tsoka, sai ya tafi wajen ɗumama jiki. Wankan safe da yamma, ga fanka na kaɗawa, shi zai cinye ɗan abin da ta tara. A riƙa goge ta da tsumma mai ɗumi, gaɓa-gaɓa, har ta ƙara ƙwari.

Abin da nake roƙonku shi ne goyon ƙirji. A tuɓe ta sai nafkin da hula da safa, a kwantar da ita tsakanin nonon uwa, fata da fata, kai a juye gefe don ta samu numfashi, a ɗaure da zane. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro wannan a 1978, lokacin da kwalbar jarirai ta yi ƙaranci. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ke ciki, ya nuna fara shi tun daga haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla awa takwas a rana, in an fi haka ma ya fi. Uwa ba za ta iya ita kaɗai ba. In ka dawo kasuwa ka yi wanka, ka wanke hannu, ka karɓa. Inna ma a ba ta nata rabon. Na lura kaka in ta samu aikin yi a jikin jika, gardama takan ragu.

Nono zalla, duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare, ko da sai an tashe ta. In ta gaji da tsotso, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, a jingina shi a leɓenta na ƙasa ta lasa da kanta, kada a ɗura. Ba ruwa, ba dauri, ba zuma. Belu kuwa ba shi da laifin komai, kuma jinin da za ta zubar a hannun wanzami ba ta da rararsa, ga haɗarin ƙwayar cuta. A fitar da kafur daga kayanta, yana jawo ciwon shawara mai tsanani ga wasu jarirai.

In ta ƙi kama nono, ko jikinta ya yi sanyi ƙalau ko zafi rau, ko numfashi ya wuce 60 a minti, ko tafin hannu da ƙafa suka yi rawaya, ko ta yi jijjiga, kada ku jira gari ya waye. Asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) na nan Ikeja kusa da ku, akwai na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba da asibitin yara na Massey a Ikko. A ƙirjin uwa za a tafi da ita har cikin mota.

Ranar awo ka tafi da Inna, ta ji daga bakin likita ba daga bakin suruka ba.