Wanka da askin mussa: a gida ko a kira mai sana'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah shi gafarta Malam. Ina da mussa irin mai yawan gashin nan ta waje, yayata ce ta kawo min ita tsaraba daga Abuja. To tunda zafi ya shigo gashinta duk ya cukurkuɗe, ga ƙuma, in na ce zan mata wanka sai ta yakushe ni. Akwai wani yaro mai wannan sana'ar yana zuwa har gida, ya ce naira 15,000 zai mata wanka da aski, ya mata allurar barci ya cire mata farce gaba ɗaya daga tushe don ta bar yage min kujeru. Ƙanin maigidana ya ce haramun ne in ba shi ko sisi don Annabi (SAW) ya hana kuɗin kare da na mussa. Maigidan yana aiki Talata Mafara sai ƙarshen sati yake dawowa, ni kuma ina da ciki wata 5 ba na iya kokawa da ita. Mi ne hukunci? Daga ɗiyarku a Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah shi sauke ki lafiya ɗiyata.

Ajiye mussa halal ne, jikinta da sauran ruwan da ta sha duk masu tsarki ne, ba wani saɓanin da za mu tsaya kanshi a nan. Ki mata wankan da kanki ko ki biya wani ya yi, duka biyun sun halatta. Ni inda na tsaya cikin saƙonki kalma biyu ce kika rubuta kika wuce kamar ba komai ba, "daga tushe".

Wannan ba yankan farce ba ne. Farcen mussa ba kamar namu yake ba, a jikin ƙashin ƙarshe na yatsarta yake fitowa, duk wanda zai cire shi har ya bar tsirowa to sai ya guntule wannan gaɓar. Ki dubi hannunki, ki ƙaddara an datse miki kowane yatsa daga gaɓar da ke ƙasan farce. Shi ke nan abin da yaron ya ce zai yi, kuma don mi, don yadin kujera. Da farcen take hawa katanga in kare ya koro ta, da shi take susa, da shi take kama ɓera. Annabi (SAW) ya hana yi wa dabba musla, wato guntule mata gaɓa, don haka wannan ɓangaren na aikin haramun ne, kuɗinshi haramun, ke da kika sa da shi da ya yi kun yi tarayya cikin alhakin. Sai fa in ciwo ne ya ci yatsan likita ya ce ba makawa a cire, nan magani ne. Abin da ya halatta shi ne a rage tsinin, ki matsa tafin ƙafarta a hankali farcen zai fito, za ki ga bakinshi fari, can ciki kuma akwai ja-ja, to farin kawai ake ɗan tsinkewa, jan nan jini ne da jijiya. Kujera kuma, ki samo guntun icce ko tsohuwar tabarmar kaba ki ajiye mata inda ta saba kwanciya, can za ta riƙa wasa farcenta.

Allurar barcin ma ban yarda da ita a hannun wanda ba likitan dabbobi ba. Irin waɗannan mussoshin na waje, masu gajeren hanci daga cikinsu dama numfashinsu ba shi da ƙarfi, a ɗan zarce awo sai a tashe ta a ga ba ta tashi. In har gashin ya dunƙule ya kama fata sai an kwantar da ita, a kai ta asibitin dabbobi a yi a can, a haɗa da rigakafin ciwon haukan kare tunda kin ce tana yakushi.

Sai maganar ƙanin mijinki. Hadisin da ya kawo ba ƙirƙira ya yi ba, yana cikin Sahihu Muslim, an tambayi Jabir (RA) game da kuɗin kare da na mussa ya ce Annabi (SAW) ya tsawatar a kan haka. Amma ya ɗauko hular wani ya kifa ma wani. Kalmar da ta zo ita ce "saman", kuɗin da ake karɓa in an sayar da ita dabbar kanta, ke kuwa ba saye za ki yi ba ba sayarwa ba, mussar ma kyauta ta zo miki. Abin da za ki ba yaron lada ne na aikin hannunshi, babin ijara ke nan, wato biyan ladan aiki, ba babin bai'i ba, wato saye da sayarwa, kamar wanzami, kamar mai yi wa doki kofato. In da fahimtarshi daidai ce to da kifin da kike saya mata haramun ne, kuɗin likitan da zai duba ta haramun ne, sai a zuba mata ido ƙuma ta cinye ta da sunan bin sunna, alhali matar da aka ce ta shiga wuta saboda mussa laifinta shi ne ta tsare ta ta hana ta abin da take buƙata. Kuma ko a kan cinikin kanshi, mazhabobin nan huɗu a mashhurin zancensu sun halatta sayar da mussar gida, Imam Nawawi a sharhinshi na Sahihu Muslim ya ɗauki hanin a kan wadda ba ta da amfani, ko kuma hani ne na karhanci don mutane su saba ba juna ita kyauta. E, Ibnu Hazm da Ibnul Ƙayyim sun tsaya a kan zahirin hadisin sun ce ba a sayarwa, kuma magana ce mai ƙarfi ba na raina ta, wanda ya bar cinikin don tsantseni ya kyauta. Amma su ɗin ma a kan sayarwa suka yi magana. Yaranmu na yanzu sai su tsinci hadisi guda a Facebook da safe, kafin azahar sun haramta ma gida uku abinci. Ki gaya mishi cikin ladabi, kar ki ce Malam ya ce ba ka san komai ba, ban ce ba.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba. Kin ce yaron har gida yake zuwa, kin kuma ce maigida sai ƙarshen sati. To kar ya shigo sai Asabar da mijinki yana nan, a yi aikin a zaure ko tsakar gida. Shi ma ƙanin mijin hukuncinshi ke nan. Kuma kuɗin, in naki ne ke kika san shi, in na cefane ne sai da sanin mai shi. Ba zan ce miki 15,000 almubazzaranci ba ne kai tsaye don aljihu ya bambanta, amma ke ma kina ganin matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka suna yawo da goyo cikin Gusau, in za a yi sau ɗaya don gashin ya riga ya lalace babu laifi, in kuma za a mai da shi na kowane wata har da turare da ɗaura mata kwalliya don hoto, to ki ji tsoron tambayar ranar ƙiyama.

Gaskiya ma yawancin aikin na gida ne. Muna almajirai akwai wata baƙar mussa da ke kwana bisa gafakar malaminmu tana tsare muna littattafai daga ɓera, ban taɓa ganin an sa mata ruwa ba kuma kullum tas take, da harshenta take wankanta. Taki dai gashin ya fi ƙarfin harshenta, mataji take buƙata kullum ko na minti 5 ne, ba yawan wanka ba. Kar a yanke mata gashin baki, da shi take auna hanya cikin duhu. Kar a sa mata Dettol, kar a fesa mata fiya-fiya don ƙuma, kar a ba ta farasitamol, maganin kaskar karnuka ma wani yana kashe mussa, likita za a tambaya.

Tunda kina da ciki, kwashe kashinta ki bar ma wani ya riƙa yi kullum, akwai ƙwayar cuta da ake iya ɗauka daga ciki mai cutar da ɗan tayi. In ba kowa sai ke, ki sa safar hannu ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama.

Wallahu a'alam.