Tambayoyinku kan fasaha: Idan kundi ya fi ƙarfin rumbunsa

Tambaya: An ba ni fayil ɗin XML mai nauyin gigabayit 2 don aikin bincike. Da na buɗe shi da Notepad sai kwamfutata ta sandare. Ƙwaƙwalwarta gigabayit 4 ce. Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Notepad so yake ya haɗiye fayil ɗin gaba ɗaya kafin ya nuna maka layi ko ɗaya. Sauke BaseX, manhajar rumbun bayanai ta fayilolin XML, kyauta ne, Java kawai yake buƙata. Ƙirƙiri rumbu da fayil ɗin, za ka ga reshe-reshensa kana buɗe wanda kake so. Idan misali kana neman sassan babi na 12, a cikin BaseX rubuta //babi[@lamba="12"]/sashe, ka sauya sunayen da na cikin fayil ɗinka.

Tambaya: Makarantarmu ta Islamiyya tana da rassa uku. Wanda ya rubuta mana manhaja ya zuba rassa, azuzuwa, ɗalibai da kuɗin makarantarsu cikin kundin JSON guda a MongoDB. Yanzu ya ƙi karɓar sabon ɗalibi. Hajiya daga Nima, Akara.

Amsa: Hajiya, wannan kuskuren yana damuna matuƙa, domin ba ya bayyana sai an yi nisa. MongoDB, wato rumbun bayanan da manhajarku ke amfani da shi, ba ya barin kundi guda ya wuce megabayit 16, kuma alamu sun nuna kun kai bango. Duk jerin da ke ƙaruwa ba iyaka, irin rasit ɗin da ake yanka kowane wata, bai kamata ya zauna cikin kundin uwarsa ba. Tun kafin a kai iyakar ma ana shan wahala: akawun reshe ɗaya yana shigar da sidi 50, malamin wani reshen yana gyara sunan yaro, dukansu kundi ɗaya suke taɓawa, dole ɗaya ya jira ɗaya.

Kada wani ya ce muku GridFS ne magani. Shi yanka fayil yake yi gunduwa-gunduwa ya ajiye, amma ba za ki iya tambayarsa waɗanda ba su biya kuɗin wannan watan ba.

Ki faɗa wa mai manhajar ya raba gida. Kowane ɗalibi da kundinsa, yana ɗauke da lambar ajinsa. Kowane aji yana ɗauke da lambar reshensa. Rasit kuma wurinsu daban, kowanne da lambar ɗalibi da kwanan wata. A sa fihirisa a kan waɗannan lambobin, in ba haka ba kowace tambaya sai ta bi rumbun kaf.

Ni dai PostgreSQL, wani rumbun bayanai mai ajiya a tebur-tebur, nake ba da shawara ga irin wannan aikin, domin harkar kuɗi tebur take so. Yana da ltree, wanda ke ajiye matsayin kowa kamar adireshi, misali nima.aji3, sai a ciro duk abin da ke ƙarƙashin reshe da tambaya ɗaya. Bayanan da suka bambanta daga yaro zuwa yaro, kamar izu nawa ya haddace ko wata larura, su shiga shafin jsonb, wato gurbin ajiye JSON a cikin tebur, da fihirisar GIN mai saurin bincike a cikinsa. Amma a nan ma kada a cusa komai ciki, domin gyara harafi ɗaya yana sa a sake rubuta jsonb ɗin duka. Kafin a taɓa komai, a kwafe tsohon rumbun da mongodump, umarnin MongoDB na ɗaukar kwafi.

Tambaya: Dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ta katse ni ina tsakiyar zuba bayanai a PostgreSQL. Rumbun ya lalace? Mai shago daga Asawase, Kumasi.

Amsa: Da wuya, Malam. Idan ka kunna zai farfaɗo da kansa, abin da ba a kammala ba ne kawai zai zube. Nan gaba ka riƙa zubawa dubu-dubu kana rufe kowane kashi da COMMIT, umarnin da ke tabbatar da ajiya, ka sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ka kuma ɗauki kwafin rumbun da pg_dump kowane dare zuwa wata ma'ajiyar daban.