An kama ɗana da wiwi, ga kuma bindigar gado a ɗaka: ina mafita?

Assalamu alaikum Barista. Ni magidanci ne a wajen gari a jihar Kaduna. Kwana huɗu ke nan da jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka kama ɗana mai shekara 23 a wata majalisar samari. An ce an samu ƙulli uku na wiwi da katin tiramol ɗaya a aljihunsa. Mun daɗe muna zargin yana sha, amma ban taɓa jin yana sayarwa ba. Wani a unguwarmu ya ce in kawo kuɗi zai fito mini da shi ba sai an je kotu ba. Ƙanena kuma, wanda ya yi boko mai zurfi, cewa yake ai an halatta wiwi a Gana da Amurka, don haka maganar ba za ta yi nisa ba. Abu na biyu da ke hana ni barci shi ne bindiga mai baki biyu ta mahaifinmu, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Lasisin da sunansa yake. Na ajiye ta ne saboda masu garkuwa da mutane da suka addabi yankinmu. In aka zo binciken gidan fa?

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya shiryi yaron, Ya ba ka haƙurin wannan jarrabawa.

Bari in fara cire maka maganar ƙanenka daga rai, domin ita ce za ta iya sa ka yi sakaci. Alƙalin da za a kai ɗanka gabansa da dokar Najeriya zai yi aiki. Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa, ko shigowa da ƙwaya, ko sayar da ita. Wanda aka samu da ita a hannunsa yana sane, ko yana sha, ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne a rubuce. An taɓa jayayya cewa ai sashen hodar ibilis da makamantanta ya ambata, bai ce wiwi ba, sai Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a shari'ar Okewu da Gwamnatin Tarayya a 2012. Babbar Kotun Tarayya ce kawai ke da hurumin sauraron irin wannan tuhuma. A aikace, alƙalai kan yanke abin da bai kai wannan adadi ba ga wanda karonsa na farko ne kuma kayan kaɗan ne, wani lokaci har da zaɓin tara. Sai dai wannan sassauci ne daga kotu, babu lauyan kirki da zai yi maka alkawarinsa.

Ita kanta Gana ba ta halatta shan wiwi ba. Abin da dokarta ta 2020 ta yi shi ne ba da damar noman nau'in da sinadarin THC, wato mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. Kotun Ƙolinsu ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. A Amurka wasu jihohi ne suka halatta, Kolorado da Washinton suka fara a 2012. Ƙasashen da suka halatta sha a ƙasa baki ɗaya irin su Yurugwai ne a 2013 da Kanada a 2018. A nan gida, marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kiran a yarda a noma ta don magani, an kuma kai ƙudurori majalisar wakilai, babu wanda ya zama doka. Hasali ma iskar da ke kaɗawa a Abuja ta tsanantawa ce: a watan Mayun 2024 majalisar dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fatauci, kafin daga baya a mayar da shi ɗaurin rai da rai.

To, ga abin da za ka yi gobe da safe. Ka nemi lauya ku je ofishin da ake tsare da shi tare. In babu hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofishi a jihohi, aikinta ke nan tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Tsarewar da ta wuce haka sai da umarnin kotu, kuma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ce umarnin farko kada ya wuce kwana 14. Lauyan zai tambayi ko akwai wannan umarni. In babu, zai nemi beli a wurinsu, in suka ƙi ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam. Beli ba a saye. Mahaifiyarsa ko yayarsa ma za ta iya tsaya masa, dokar 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce, kamar yadda ta hana a kama uba a madadin ɗansa.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne takardu. Idan aka kama mutum da kaya, ana auna su a gabansa, a yi gwajin farko, a zuba a leda a liƙe, a ba shi fom ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Samari da yawa a ruɗe suke dangwalawa ba su karanta nauyin da aka rubuta ba. Bayan haka sai jawabi. Tambaya ɗaya ce ke raba mai sha da dila: "Ka taɓa sayar wa wani?" Yaro ya ce abokai kan ba shi kuɗi ya sayo musu in zai sayo tasa, a ganinsa ya wanke kansa, alhali ya rubuta wa kansa tuhumar fatauci da hannunsa. Yana da haƙƙin yin shiru har sai ya ga lauya, yana kuma da haƙƙin a ɗauki jawabinsa a gaban lauyan. In an riga an ɗauka da duka ko barazana, ya faɗa wa lauya tun yanzu, domin Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar tursasawa. Nauyin hujja yana kan masu gabatar da ƙara: sai sun nuna a hannunsa aka samu, yana sane, kuma gwajin ɗakin bincike ya tabbatar da ko mene ne kayan.

A duba katin tiramol ɗin ma. Wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, shi ma da takardar likita. Mai lamba 200 ko 225 da ake sayarwa a bayan fage ba shi da rajista ko kaɗan.

Mutumin unguwa mai hanya kuwa, ka rabu da shi. Ko dai ya cinye kuɗin, ko ya jefa ka cikin laifin ba da cin hanci. Akwai hanyoyi na halas da suka fi tasa. Hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma ta saba mayar da masu sha zalla can maimakon kotu. Lauya zai iya rubuta buƙatar haka, tare da alkawarin iyaye na kai shi asibiti. In kuma an gurfanar da shi kuma hujja ta yi ƙarfi, sashe na 270 na dokar 2015 ya ba da damar a zauna da masu gabatar da ƙara, ya amsa ƙaramin laifi a sassauta. Kada ya amsa komai kafin lauya ya ga takardun shaidar, domin tabon hukunci yana bin mutum wajen neman aiki da biza.

Tun da ka kawo zancen halattawa, ga nawa ra'ayin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Babu gidan yarin da zai ɗauki wannan jama'a, kuma ɗaure saurayi shekara 15 kan ƙulli uku ba adalci ba ne a wurina. Fotugal ta daina ɗaure masu sha tun 2001 ta mayar da su hannun masu magani, amma ba ta bar dillalai ba, kuma sai da ta zuba kuɗi a asibitoci. Jihar Oregon ta Amurka ta gwada irin haka a 2020 ba tare da isasshen shiri ba, ta janye a 2024. Ina goyon bayan a bambance mai sha da mai sayarwa a cikin doka. Ba na goyon bayan a buɗe kasuwa a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su ishi marasa lafiyar da ke ƙasa ba.

Domin illar gaskiya ce. Tiramol mai ƙarfi yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, musamman in aka haɗa shi da kodin ko giya. Wiwi mai yawan THC tana da alaƙa da taɓin hankali ga matasan da suka fara da wuri suna sha kullum. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in aka yanke masa farat ɗaya, zai yi ta zufa da ciwon gaɓɓai da gudawa da rashin barci, saboda haka lauya ya tambaya ko ma'aikacin lafiya ya duba shi a inda yake. In ya fito, ku nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a nan Kaduna. Don Allah kada ɓacin rai ya sa ka kai shi gidan mari. Ba a manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa a watan Satumban 2019 ba, mutane ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Kuma ka share ɗakinsa daga yau ya daina zama matattara, domin doka tana hukunta mai gidan da ya bari ana ajiye ƙwaya ko cinikinta a gidansa yana sane.

Saura bindiga, kuma a nan kai ne a tsaka mai wuya, ba yaron ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin shugaban ƙasa. Irin ta mahaifinku, ta farauta mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Kwana 14 kacal doka ta ba magada bayan rasuwa su riƙe ta. Riƙe irin wannan bindiga babu lasisi ɗauri ne har shekara biyar, in kuma aka tuhume ka da dokar fashi da makami ta 1984, hukuncin tarar naira 20,000 ne ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Harsasan ma laifi ne mai zaman kansa.

Na fahimci tsoronka sarai, kuma ba kai kaɗai ba ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, sai babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Abin takaici ne a bar talaka tsakanin ɗan bindiga da doka. Kundin tsarin mulki ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma bai mayar da makami marar lasisi halas ba. Ga kuma abin da ya fi damuna: bindiga da harsashi a gidan da akwai saurayin da zai dawo yana fama da barin ƙwaya, ransa a dagule. Wannan haɗari ne a kansa da ƙannensa.

Kada ka jefa ta rijiya, kada ka ba maƙwabci ajiya, kada ka sayar. Miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi wani laifin ne daban. Kada kuma ka naɗe ta a buhu ka hau babur zuwa caji ofis, domin in aka tare ka a shingen bincike babu mai sauraron niyyarka. Lauya ya fara rubuta wa kwamishinan 'yan sanda cewa magada suna son miƙa bindigar mamaci, ya haɗa da kwafin tsohon lasisin da shaidar rasuwa, ya karɓi kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimi. Su za su faɗi rana da yadda za a kai ta. Doka ba ta yi alkawarin yafiya ba, amma wanda ya miƙa da kansa da takarda a hannu matsayinsa ya sha bamban da wanda aka zaƙulo ta a ƙarƙashin gadonsa. Ranar miƙawa ka tabbata an ba ka rasit mai ɗauke da lambar bindigar da adadin harsasan, ka ajiye shi tare da takardun gidanka.