Wace manhaja za mu ɗauka mu gina wa ƙungiyarmu gida a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar 'yan unguwa a Aboabo, nan Kumasi. WhatsApp ya yi mana kaɗan, sanarwar rasuwa sai ta nutse cikin gaisuwar Juma'a, lissafin kuɗin wata kuma yana littafi guda a hannun ma'aji. Muna son wuri namu na kanmu. Wani ya ce WordPress, wani Drupal, wani Joomla, kuma an ce duk kyauta ne. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku ɗauki WordPress.

Dukansu ukun manhajoji ne masu buɗaɗɗen tushe, ƙarƙashin lasisin GPL. Kowa na da damar ya sauke, ya gyara, ya yi aiki da su ba tare da ya biya ko sidi ɗaya ba. Kyautar a nan ta tsaya. Hayar saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki shafin, da kuɗin sunansa, ko .org ne ko .org.gh, duk shekara sai kun biya. Wanda zai riƙa kula da shi ma ba da iska zai rayu ba.

Maganar mai kulan nan ce ta sa na zaɓa muku WordPress. Tun 2003 take, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke. Idan yaron da ya gina muku ya samu biza ya tafi, ba za ku sha wuya ba kafin ku samu wani ɗalibin jami'ar KNUST da ya san kanta. Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fitar a 2001, ta fi ƙarfi wajen tsara wa zai ga me, wa zai taɓa me, amma masu iya ta 'yan kaɗan ne kuma aikinsu da tsada. Ranar 5 ga Janairu 2025 aka daina kula da Drupal 7, ƙungiyoyin da suka gina a kanta dole suka koma kusan sabon gini. Joomla ta 2005 tana tsakiya, ba ni da laifin da zan ɗora mata, sai dai masu hannu a kanta sun ragu.

Na taɓa zama da shugabannin wata ƙungiya a Asawase, abin har yau yana damuna. Shafinsu ya yi kyau, hotunan hawan Sallah na shekaru da jerin sunayen marayun da suke tallafawa duk suna ciki. Wanda ya gina ya yi rajistar komai da imel ɗinsa, ya yi tafiya, lambarsa ta daina shiga. Wa'adin haya ya cika, babu mai kalmar sirri. Alhajin da ke shugabanta yana ta danna waya yana cewa a sake gwadawa, ni kuwa na riga na san babu abin da ya rage. Don Allah ku buɗe imel da sunan ƙungiya, da shi za a yi rajistar suna da saba, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum uku. Kowane mako a kwafe komai a ajiye a wani wuri daban.

Wajen ƙarin manhajojin da ake liƙa wa WordPress, ku riƙe hannu. BuddyPress za ta ba kowane memba shafinsa da rukunoni, mata nasu, matasa nasu. Karɓar kuɗin wata ta MoMo, wato kuɗin waya, kuwa kamfanin karɓar kuɗi a intanet Paystack na da abin da ake haɗawa, kuɗin su faɗa asusun ƙungiya, ba wayar ma'aji ba. CiviCRM ta iya lissafin membobi da gudummawa sosai, amma nauyi gare ta, ku bari sai kun ga buƙata. Yawancin kutsen da ake yi wa WordPress ta ƙarin manhajojin da aka bari ba sabuntawa ake shigowa. Wadda aka yi shekara ba a taɓa ta ba, ku bar ta. Waɗanda ake saya amma wani ya ce zai ba ku a ɓagas, ku guje su, sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsu.

Kafin ku amince da fasalin shafin, ku miƙa wa wata Hajiya ƙaramar wayarta da data ta sidi biyu ta buɗe. In ya yi nauyi a rage hotuna. Ku rubuta ƙungiya, ɗan'uwa, ɓangare, ku duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito ko sun zama akwatuna. Salon haruffa mai suna Noto Sans yana fitar da su daidai.

Tunda sunaye da lambobin mutane za ku tara, Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012, wato Doka ta 843, ta hau kanku, kuma ta ce mai tara irin waɗannan bayanai ya yi rajista da hukumar kare bayanai. Jerin membobi kada ya fito fili sai ga wanda ya shiga da kalmar sirri. Lambar Ghana Card kuwa, in babu dalili mai ƙarfi, kada ma ku tambaya.