Tsohuwar karaban ɗin mahaifina: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tirelar kwana irin wadda Turawa ke ja da mota, wadda ake ce wa karaban. Ya saye ta hannun ma'aikatan wani kamfanin hanya da suka gama aiki suka tafi. A jikinta an rubuta Caravelair, tsawonta kamar mita 4, tayoyinta biyu. Ta fi shekara 20 ƙarƙashin bedi a bayan gida, yara na wasan ɓuya a ciki. Ina so in riƙa gyaranta da kaina ranakun Asabar da Lahadi, in ta kammala in kai iyali gonarmu ta wajen Madarunfa mu kwana. Wani mai fenti ya ce in kawo ya toshe rufin da silikon ya fesa mata fenti, mako guda ta koma sabuwa. In ba shi? Kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta makwanci. Kada ka ba mai fentin nan tukuna. Ya iya aikinsa, amma layinsa bai zo ba. Shi ne na ƙarshe, kuma tsakaninka da shi akwai watanni.

Abin da ke bayan gidanku ƙirar Faransa ce. Kamfanin jiragen sama na Sud-Aviation ne ya fara yin Caravelair a 1962, sunan ma daga jirginsu Caravelle aka samo shi. Sanin asalinta yana da amfani, domin kowace ƙira da irin ƙashinta. Eriba ta Jamus, wadda aka fara a 1957, ƙashinta bututun ƙarfe ne. Airstream ta Amurka alminiyom ce ciki da waje. Amma galibin na Faransa da Ingila na shekarun 1960 da 1970 ƙashinsu katako ne, ƴan siraran sanduna da ba su fi kaurin yatsu biyu ba. An lulluɓe su daga waje da fallen alminiyom wanda bai kai milimita 1 ba, daga ciki da siririn filawud, a tsakani kuma aka cusa audugar gilashi ko farin soso mai tare zafi. Alminiyom ba ya tsatsa, shi ya sa tirela za ta tsaya tana ƙyalli alhali cikinta ya gama cinyewa.

Duk inda falle ya haɗu da falle, da gefen taga, da ƙofar iska ta rufi, an shimfiɗa wani gam mai danƙo kafin a ɗaure sukuru. An yi gam ɗin ne don sanyin Turai. Ranar Maradi ta watan Afrilu da Mayu, wadda ke wuce digiri 40, takan gasa shi har ya bushe ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: damana na sauka, ruwa ya bi tsagar ya gangara cikin bango, soson nan ya riƙe shi, katako ya jiƙa ya bushe, ya jiƙa ya bushe, shekara 20. Inda katako ya yi laima kuma gara ba ta jiran gayyata. Ganyen bedi da ƴaƴansa da ke taruwa a rufi suna ƙara riƙe ruwan. In aka fesa fenti a kan wannan, an rufe ciwo ne da riga mai kyau.

Saboda haka Asabar ta farko kada ka sayi komai. Ɗauki fitila da sukurudireba mai tsini da ƙaramar guduma. Shiga ciki ka rufe ƙofa, ka shaƙi iskar. Warin ruɓaɓɓen katako ba ya ɓuya. Buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin kujeru, ka danna bango da babban yatsa a kusurwoyi huɗu na ƙasa, da ƙarƙashin kowace taga, musamman babbar ta gaba, da kewayen ƙofar rufi. Lafiyayyen bango yana da tauri, in ka ƙwanƙwasa ya amsa. Wanda ya mutu yakan lotsa kamar burodi. Taka daɓen taku-taku, ka kula da bakin ƙofa. Sannan ka fita waje ka kwance sukuru uku ko huɗu daga sandar alminiyom ɗin da ta bi kusurwa. Wannan gwajin na fi yarda da shi: in sukuru ya fito fes da ƙyar, katakon da ya riƙe shi yana da rai, in ya fito ja da tsatsa, ko yana juyawa ba ya kamawa, babu komai a bayansa.

Na taɓa buɗe wata da aka kawo mini da sabon fenti ruwan madara, mai ita yana cewa taga kawai ke yoyo. Da na ɗaga filawud ɗin ƙarƙashin tagar gaba, sandar katakon tana nan da siffarta, har da layin zarto a jikinta. Na sa tsinin sukurudireba, sai ta zube a tafin hannuna kamar dusa. Gara ta cinye cikin ta bar ɓawon, ta gina hanyoyinta na jar ƙasa tun daga daɓe har rufi. Fallen waje kaɗai ke riƙe da gaban tirelar, kuma a haka aka jawo ta kan kwalta.

Bayan bango sai ƙarƙashi. Ɗaga ta da jak, ka tokare da kututture mai ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe, kuma ka tuna ƙafafun ƙarfe huɗu da ake saukarwa a kusurwoyinta na hana girgiza ne, ba na ɗaukar nauyi ba. Duba macizai da kunamu kafin ka kwanta. Bi shasi, wato ƙarafan ƙasa da tirelar ke zaune a kai, da guduma, ka fi ba da hankali ga ƙarafan gaba biyu da suka haɗu a wurin ja. Tsatsar sama ba komai ba ce, burushi da jan fenti sun ishe ta. Ƙarfen da ke ɓarewa falle-falle ko guduma ta huda shi, wannan sai mai walda. A nan mun yi sa'a, busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku. In za a yi walda, a tuna daɓen katako ne a sama, a ajiye ruwa kusa, kuma in ƙarfen mai ruwan tutiya ne a yi a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Daga nan za ka iya amsa wa kanka tambayar sabulu. In kuɗi kake nufi, a'a, ba za ka sayar da ita ka mayar da abin da ka kashe ba, don babu kasuwarta a nan. In shasi lafiya yake, daɓe bai mutu duka ba, ruɓar kuma ta tsaya a kusurwa ɗaya ko biyu, aiki ne da mutum ɗaya mai haƙuri zai iya, kuma ina ba ka ƙarfin guiwa. In kusurwoyi huɗu da daɓe duk sun tafi, to sabuwa za ka gina a cikin tsohuwar fata. A irin wannan hali shawarata ka ɗora ta a babbar mota ka kai ta gona, ka zaunar da ita kan tubalan siminti ƙarƙashin rumfar kwano ta zama ɗaki. Kayan Baba bai tozarta ba, kuma ba ka sa iyali cikin haɗari ba.

In ka yanke shawarar gyara, lokaci yana gefenka daga watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, zuwa ƙarshen Mayu kafin hadarin farko. Jawo ta daga ƙarƙashin bedi zuwa rumfa, a kan daɓen da gara ba za ta hau ba.

Ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Kada ka fitar da kayan ciki gaba ɗaya. Kabad ɗin tufafi da kujeru da teburin girki su ne ginshiƙan tirelar, su ke riƙe bango da rufi. A farkon shigata wannan sana'a na kwashe cikin wata tas don in samu filin aiki, washegari na tarar bangon hagu ya buɗe, rufi ya sauko, ƙofa ta ƙi rufuwa, sai da na yi mako biyu ina dawo da ita daidai. Ka yi kusurwa ɗaya, ka gama, ka koma ta gaba. Inda dole ka cire kabad, tokare rufi da sanda tukuna. Ɗauki hoto da wayarka kafin kowane sukuru ya fita, ka adana ruɓaɓɓen katakon ko da gutsure ne, shi ne ma'aunin sabon. Ka yanke har sai ka kai katako mai rai, ka haɗa sabo da tsoho a karkace da gam da sukuru.

Wajen katako za ku yi gardama da kafinta. Ya saba da gadon amarya da kabad ɗin ɗaki, zai kawo maka jan katako mai nauyi, har ya ce a sa tayil a ƙasa. Ka ƙi. Farin katako mara nauyi, busasshe sarai, wanda aka shafa wa maganin gara aka bari ya sha iska, shi ake so. Kada a shafa baƙin mai kamar yadda ake wa azara, warinsa ba ya fita daga ɗakin kwana kuma gam ba ya kama shi. A jikin shasi ko kusa da ƙofa akwai ɗan allon ƙarfe da aka buga lambar tirelar da iyakar nauyinta. Kowane kilo da ka ƙara a katako ka rage shi ne daga ruwa da abincin da za ka ɗauka. Allon nan kada a kankare shi ko a rufe shi da fenti, da shi za ka nemi takardu.

Sai toshe ruwa. Silikon ba ya daɗewa a kan alminiyom mai motsi, kuma in ya saki ba abin da ke kama wurin, har sabon silikon. Aikin gaskiya shi ne a kwance kowace sandar kusurwa da kowace taga, a kankare tsohon gam da abin roba, a goge, a shimfiɗa gam ɗin butil wanda ba ya bushewa, a mayar, a ɗaure da sukuru marar tsatsa har gam ya ɓullo ta gefe. Tambayi masu sa gilashin mota, ko ka ba da saƙo Kano ko Yamai. In tagoginta na roba ne, ruwa da sabulu kawai, fetur da tina suna tsattsaga su. In ka gama, ka sa yaro ya riƙa zuba ruwa a rufi kana ciki da fitila.

Tayoyi ka zubar, ko da zanensu bai goge ba. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lamba: in huɗu ce, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, in uku ce, an yi ta kafin 2000. Taya ta wuce shekara 6 ko 7 ba a yarda da ita a tirela. A wanke boris a duba, a sa sabon giris. Yawancin irin waɗannan ba su da sifirin, roba ce a cikin bututun gatari. In ka ɗaga tirelar taya ba ta sauko ko kaɗan ba, robar ta ƙage. Burkinta na turi ne: mota ta rage gudu, tirela ta turo, wurin ja ya shige ya ja waya. A tabbata yana shiga yana fita. Ƙurar tsohon burki tana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, wanda Faransa ba ta hana ba sai 1997, don haka a jiƙa ta a goge, kada a hura.

Gas kuwa ba na sassauci a kansa. Tiyo da kan tukunya duk sababbi, a gwada mahaɗa da kumfar sabulu, tukunya ta zauna a akwatinta na waje mai huji a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi. Ƙananan ramukan iska da ke daɓe da rufi kada ka toshe su don ƙura. Kuma a daren hunturu a gona, kada a shiga da kaskon gawayi ko a bar murhu a kunne a kwanta. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, ɗakin kuma ɗan ƙarami ne. Tsohon firijinta mai aiki da gas ba ya jure zafinmu, ni da zan cire shi in sa na batir. Wayoyin wuta a sauya duka, ɓeraye sun riga ka. Sola a rufi, batir mai bolt 12, fiyus kusa da batir, fitilun LED da fanka sun wadatar. In za ka jona wutar NIGELEC, lallai sai da wayar ƙasa da na'urar katse wuta ta miliyamfa 30, don jikin tirelar duka ƙarfe ne.

Yanzu mai fenti ya shigo. A wanke, a goge da takarda mai laushi, ban da burushin ƙarfe, a fara da fentin share fage da aka yi don alminiyom, in ba haka ba fenti zai ɓare. A fesa a rufaffen wuri saboda ƙura, rufi kuma fari.

Ranar fita, ƙwallon ja na bayan motarka, inda ake maƙala tirela, ya zama mai milimita 50. Kaya masu nauyi a ƙasa, saitin tayoyi. Nauyin da ke danne ƙwallon ya kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirelar, sikelin awon mutum da guntun katako sun isa a auna. Kowa a mota zai zauna, ba a shiga tirela tana tafiya. Fara da hanyar Tibiri ba kaya, a hankali. Bayan kilomita 5 ka tsaya ka taɓa tsakiyar kowace ƙafa: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa boris ne ko burki ya kama. In ka dawo, sake ɗaure notocin taya. Hanyar gona kuma ka fara bin ta da mota kaɗai ka ga yashi da kwazazzabai, don cikin tirelar nan kusa yake da ƙasa.

Wannan Asabar ɗin dai, fitila da sukurudireba da guduma. Ka aiko mini da hoton allon lambar, da na sukurorin da ka kwance, da na ƙarƙashin tagar gaba, sai mu san kusurwar da za ka fara buɗewa.